Hawainiyar da Ba Ta Jin Magani

Duk wanda ya tashi a Haɗejiya, ko Auyo, ko Guri, ko Kirikasamma, ya san masifun da ake gani da ido. Mun ga ambaliyar shekarar 2018, da ta 2020, da ta 2022, lokacin da kogi ya tumbatsa ya shanye gonakin shinkafa, ya rusa gidaje. Mun ga yadda ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa har jirgin masunci ya rasa inda zai ratsa. Mun ga jan-baki yana sauka a gona kamar hadari. Waɗannan duka suna da masu yi musu kuka, a gidajen rediyo da zauren majalisa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami yau shi ne wata halitta wadda ido ba ya ganinta, wadda kuma muke ganin lokaci ya yi da ɗalibin da ya fito daga wannan fadama zai san sunanta, ya san halinta, tun ba ta zo ta same mu muna barci ba.

Sunanta a bakin masana Candida auris, ko da yake a shekarar 2024 wasu daga cikinsu sun sake mata suna zuwa Candidozyma auris. 'Yar'uwar yis ce, wato abin nan da iyayenmu mata ke zubawa a ƙullin fanke, masu gidan burodi kuma a kwaɓin fulawa. Dukansu dangin funfuna ne, kamar ƙwayoyin da ke kawo makero da ƙyasbi. An fara bayyana ta a shekarar 2009 a ƙasar Jafan, bayan an ciro ta daga kunnen wata tsohuwa a wani asibiti a birnin Tokiyo, shi ya sa aka laƙaba mata auris, wato kunne da harshen Latin. Daga baya da aka koma aka binciki tsofaffin samfurori, sai aka tarar tun 1996 ta shiga jinin wani yaro a Koriya ta Kudu, ba a dai gane ta ba ne. A lura da wannan, domin kuwa shekara goma sha uku ta yi tana yawo da sunan wasu.

Yadda take girma ba shi da wuyar fahimta. Kowace ƙwaya ɗaya siffar ƙwai gare ta, tsawonta bai wuce kashi 5 cikin 1,000 na milimita ba. Idan ta sami abinci da ɗumi, sai wani ɗan ƙullutu ya tsiro a gefenta, ya yi ta girma har ya kai uwar, sannan ya ɓalle ya kama gabansa, shi ma ya tsirar da nasa. Haka yis ɗin burodi yake yi. Inda ta sha bamban da galibin danginta shi ne juriya. Yawancin funfuna ba sa iya rayuwa a zafin jikin mutum, wato digiri 37, kuma wannan zafin yana daga cikin garkuwar da ke tsare mu daga dubban ire-irensu. Ita kuwa wannan ta fi sakewa tsakanin digiri 37 zuwa 40, tana kuma iya girma har a digiri 42. Bugu da ƙari, tana jure gishirin da zai kashe wasu, shi ya sa take zama daram a fatar mutum mai gumi, musamman a hamata da matsematsi, watanni da dama, mai ita bai sani ba.

To, me ya sa muka kira ta hawainiya? Domin ba ta tsaya a siffa guda ba. Siffar farko ita ce wadda muka ambata, ƙwaya ɗai-ɗai a warwatse. Siffa ta biyu masu bincike a birnin Biristol na Ingila ne suka bayyana ta a 2016. Sun lura cewa a wasu ire-irenta 'ya'yan ba sa ɓallewa daga uwa bayan sun tsiro, sai su dunƙule su zama curi guda, wanda ko an girgiza shi da ƙarfi, ko an zuba masa sinadarin wanki, ba ya rabuwa. Da suka gwada a jikin tsutsar wani malam-buɗe-littafi, sai suka ga masu yawo ɗai-ɗai sun fi saurin kisa, masu curin kuwa sun fi taurin kai. Daga baya kuma aka gano cewa wasu magungunan da ake ba marar lafiya su da kansu suna iya sa ƙwayoyin su dunƙule. Ma'ana, idan aka kai mata hari, sai ta haɗa kai, na waje su kare na ciki.

Siffa ta uku a ƙasar Sin aka ba da labarinta a 2018. An daɗe ana zaton wannan halitta ba ta iya miƙewa ta yi zare kamar yadda 'yar'uwarta Candida albicans take yi lokacin da za ta huda nama. Sai masu bincike suka sa ta a jikin ɓera, suka sake ciro ta, suka tarar wasu ƙwayoyin sun koma dogaye kamar zaren abawa, kuma 'ya'yansu suna gadon wannan siffa. Wasu kuma sun ga tana miƙewa idan gishiri ya yi mata yawa. Siffa ta huɗu ita ce mafi haɗari a asibiti. Idan ta sami roba ko ƙarfe, sai ƙwayoyin su manne, su fitar da wani abu mai yauƙi su lulluɓe kansu da shi, kamar gansakuka a jikin randa. Maganin da zai kashe su a warwatse, idan ya iso wannan lulluɓi sai ya tsaya a ƙofa. Kai, hatta launinta sauyawa yake yi, domin a kan wani irin faranti na ɗakin gwaje-gwaje an ga iri ɗaya yana fitowa fari, ko ruwan hoda, ko shuɗi mai ratsin ja.

Wannan sauye-sauyen ba abin sha'awa ba ne na masu leƙa madubin likita kaɗai. Sakamakonsa yana faɗawa kan gadon marar lafiya. An gwada an ga tana iya kwana 14 a kan busasshiyar roba da ranta. Wasu sinadaran goge-goge da aka saba amfani da su a asibiti ba sa kashe ta sosai, sai masu ƙarfi irin na kulorin. A birnin Oksfod na Ingila, tsakanin 2015 da 2017, an same ta a jikin mutum 70 a sashen kula da masu tsananin ciwo na wani babban asibiti. Da aka bi diddigi, sai aka tarar ma'aunin zafin da ake saƙala wa marasa lafiya a hamata, ana cire wa wannan a sa wa wancan, shi ne babban abin hawanta. Ana goge shi kuwa, amma gugar ba ta isa ba. Sai da aka kawar da waɗannan ma'aunai sannan abin ya lafa. Mu da muka sha zaman jinya a asibitocin yankinmu, mun san ma'auni guda nawa ke zagaya ɗaki guda.

Sai batun magani. Manyan dangogin maganin funfunar da ta shiga jini guda uku ne kacal, domin ƙwayar funfuna ta yi kama da ta mutum, abin da zai kashe ta ba tare da ya illata mai ita ba kaɗan ne. Akwai dangin azol, wanda fulukonazol ya fi shahara a cikinsu. Akwai amfoterisin B, mai wahalar da ƙoda. Akwai kuma dangin ekinokandin, masu tsada. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da ƙididdigar cewa kusan kashi 90 cikin 100 na samfurorin da aka gwada a can ba sa jin fulukonazol, kusan kashi 30 ba sa jin amfoterisin B, waɗanda ba sa jin ekinokandin kuwa ba su kai kashi 5 ba. An kuma sami waɗanda suka gagari dukan ukun. Daga cikin waɗanda ta shiga jininsu, tsakanin kashi 30 zuwa 60 suna rasuwa, ko da yake galibinsu dama suna fama da wata babbar cuta. Saboda haka ne Hukumar Lafiya ta Duniya, a jerin funfuna 19 masu haɗari da ta fitar a 2022, ta sa ta cikin huɗu na sahun gaba.

Wani zai ce, to ina ruwan Haɗejiya da abin da ya faru a Tokiyo da Oksfod? Amsar ita ce abin ya riga ya ƙetaro. A Afirka ta Kudu, binciken shekarun 2016 da 2017 ya nuna ita ce ta uku a yawa cikin ire-iren yis da ke shiga jinin marasa lafiya. A Kenya ma ta daɗe da kafa sansani. A nan gida Nijeriya kuwa, a shekarar 2022 masu bincikenmu suka wallafa rahoton farko na samunta a jinin marasa lafiya huɗu. Bahaushe ya ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ba muna shelar cewa ta sauka Haɗejiya ba ne. Abin da muke cewa shi ne, akwai ƙofofi huɗu a yankinmu da suke a buɗe, kuma kowace daga cikinsu mu muka fi kowa sanin inda take.

Ƙofa ta farko ita ce ciwon ƙoda. Babu ɗan kwarin Haɗejiya, har zuwa Nguru da Gashuwa, da bai san gidan da wannan ciwo ya taɓa ba. Mai wankin ƙoda kuwa sau da yawa yana ɗauke da robar da aka zura masa a babbar jijiya, garkuwar jikinsa ta yi rauni, an ɗura masa magungunan kashe bakteriya iri-iri, yana kuma kai-komo tsakanin asibitin gida da manyan asibitocin Kano ko Dutse ko Nguru. Wannan shi ne ainihin irin mutumin da hawainiyar take farauta. Lafiyayyen manomi mai yini a gona ba ta cika yi masa komai ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan jaririn da aka haifa bakwaini, da mai ciwon sukari, da wanda aka yi wa babbar tiyata, duk bangonsu a tsage yake.

Ƙofa ta biyu tana kantin kemis. Mu faɗa wa juna gaskiya, mu ɗalibai muna cikin masu laifin nan. Wa ya taɓa neman takardar likita kafin ya sayi ƙwayar maganin ciwon sanyi? Ana shiga a ambaci ƙaiƙayi, a miƙo fulukonazol, a sha ɗaya ko biyu, idan abin ya lafa a watsar. Ga kuma man shafawar nan mai haɗin magani uku, wanda wasu ke shafawa wata da watanni don hasken fata, har da jarirai ake shafa wa, alhali akwai maganin funfuna a cikinsa. Duk lokacin da aka ba ƙwayar cuta maganin da bai kai ya kashe ta ba, raunanan ne ke mutuwa, masu taurin su rayu su gaji filin. A jikin wannan halitta an gano dabaru biyu da take yi wa azol: tana sauya siffar wurin da maganin ke kamawa, tana kuma ƙara yawan 'yan famfunan da ke tofar da shi waje. Fatar da aka share sauran mazaunanta da magani kuwa, fili ce aka gyara wa wadda ba ta jin sa.

Ƙofa ta uku tana gona. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, noman rani ya zama ginshiƙin arzikin wannan kwari, kuma tare da shi feshi ya yawaita. Wasu daga cikin magungunan da ake fesa wa amfanin gona don kashe funfuna, har da wanda ake cuɗa iri da shi kafin shuka, dangin azol ne, wato 'yan gida ɗaya da na asibiti. A ƙasar Holan an tabbatar cewa wata funfuna mai kama huhu, Aspergillus fumigatus, ta koyi bijire wa maganin likita ne tun a gona. A Indiya kuma, a 2022, an sami ita wannan hawainiyar tamu a bayan tufa da aka adana don sayarwa, an kuma sami burbushin maganin feshi a jikin 'ya'yan itacen. Ba mu ce manomin tumatir da tattasai da albasa ya bar gonarsa ta lalace ba. Mun ce feshin da ake yi ba awo, ba shawarar malamin gona, yana iya dawo mana ta ƙofar asibiti.

Ƙofa ta huɗu ita ce fadamar kanta, kuma a nan ne muke ganin ɗalibin yankinmu yana da abin da zai ba duniya. Abin da ya ɗaure wa masana kai shi ne yadda wannan halitta ta ɓullo kusan lokaci guda a Indiya da Afirka ta Kudu da Benezuwela, kuma kowane reshe ya bambanta da ɗan'uwansa, alamar ba daga wuri ɗaya aka kwaso ta ba. A 2019 Farfesa Arturo Casadevall da abokan aikinsa suka kawo hasashen cewa asalinta mazauniyar dausayi ce mai gishiri, ɗumamar yanayi ta horar da ita jure zafi, wataƙila kuma tsuntsaye, waɗanda jikinsu ya fi namu zafi, suka zama gada. Hasashe ne, ana nan ana muhawara a kansa. Amma a 2021 an ciro ta daga dausayi da bakin teku a tsibiran Andaman na Indiya. Yanzu a dubi namu wurin. Dausayin Haɗejiya da Nguru sananne ne a duniya. An sa yankin tafkin Nguru da mashigin Marma cikin yarjejeniyar Ramsar a 2000, Baturiya kuma a 2008. Tsuntsaye na zuwa mana daga Turai kowace shekara. Zafin Afrilu da Mayu yana haura digiri 40. Akwai wuraren da ƙasa ke fitar da kanwa. Wane wuri ne ya fi wannan dacewa a gwada hasashen nan?

Mun san abin da wasu 'yan'uwa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi. Za su ce zazzaɓin cizon sauro yana kashe yaranmu kowace damina, amai da gudawa na biyo bayan kowace ambaliya, mata na mutuwa wurin haihuwa, ina dalilin ɓata lokaci kan cutar da mutum huɗu aka ruwaito ta kama? Mun yarda cewa waɗancan su ne gaba, kuma ba mu nemi a ɗebi ko kwabo daga kasonsu ba. Sai dai a tuna abu biyu. Na ɗaya, adadin da aka ruwaito yana bin yawan waɗanda suka duba ne. Gwaje-gwajen da aka saba da su sukan ba ta sunan wata, musamman Candida haemulonii, kuma tantance ta na buƙatar na'ura irin MALDI-TOF ko binciken ƙwayoyin gado. Marar lafiyar da ta shiga jininsa zazzaɓi kawai zai yi ta yi, a ce taifot ne, a ce maleriya ce, har a kai shi makwanci. Rashin sani ya fi dare duhu. Na biyu, abin da zai tare ta, wato wanke hannu, da tsabtace kayan aiki, da tsare magani, shi ne dai zai rage sauran cututtukan da ake ɗauka a asibiti. Kuɗi ɗaya ne, aiki biyu.

Saboda haka ga kiranmu, kuma da kanmu za mu fara. Kowace shekara ɗaliban sashen ƙananan halittu da na kimiyyar rayuwa, a Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Bayero ta Kano, suna neman abin da za su rubuta kundin kammala digiri a kansa, kuma sau da yawa a kan maimaita abin da aka yi shekara goma da ta wuce. Halin wannan halitta da kansa ya ba mu hanya mai araha ta tace ta: a ɗebo laka ko ruwa daga fadama, a shuka a abincin gwaji mai gishiri kashi 10 cikin 100, a ajiye a zafin digiri 40. Yawancin sauran yis ba za su tsiro ba. Abin da ya tsiro sai a adana, a aika inda ake da na'urar tantancewa, duk a ƙarƙashin kulawar malamai da ƙa'idojin kariya. Ko an samu ko ba a samu ba, an ƙaru da ilimi, kuma sunan Baturiya zai shiga littafin masana da hannun 'ya'yanta.

Ƙungiyar ɗalibai kuma tana da rawar takawa. Muna yin makon al'adu, muna yin gasar ƙwallo, muna yin liyafar yaye manyanmu. Me zai hana a ware yini guda a lokacin hutu, ƙungiyoyin ɗaliban masarautar Haɗejiya su zaga kasuwanni da makarantun 'yan mata da majalisun manoma, su yi bayani da Hausa a kan haɗarin shan magani barkatai? Masu kemis ba abokan gaba ba ne, yayyenmu ne da kawunnanmu, kuma a ƙauyuka da yawa su ne likitan farko da na ƙarshe. A zauna da su cikin girmamawa. Idan kuma muka je jinya, mu zama masu wanke hannu kafin mu taɓa marar lafiya da bayan mun taɓa shi, mu daina yawo da tawul da zane daga wannan gado zuwa wancan da sunan taimako.

Ga hukuma kuwa, roƙonmu bai taka kara ya karya ba. Nijeriya ta fitar da tsarinta na farko na yaƙi da bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani a 2017, ta sabunta shi a 2024. Muna roƙon Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Jigawa ta sa funfuna a cikin lissafinta idan ana maganar wannan tsari. A tabbatar kowane babban asibiti yana iya shuka jinin mai zazzaɓin da ya ƙi jin magani. A shimfiɗa hanyar aika duk wani yis da aka samu a jini zuwa ɗakin gwaje-gwajen da zai iya faɗin sunansa na gaskiya. A wadata sassan wankin ƙoda da na jarirai da kulorin da safar hannu, a kuma ba kowane mai tsananin ciwo ma'aunin zafinsa shi kaɗai. Ma'auni guda bai kai kuɗin kwalbar ekinokandin ba, ko kusa.

Iyayenmu na bakin kogi ba sa jiran ruwa ya iso ƙofar gida kafin su fara cika buhuna da ƙasa. Tun ruwa yana Wudil da Ringim suke sauraron labarinsa, su ɗaga jinga, su kwashe hatsi zuwa tudu. Wannan hikimar muke so a ɗauko a kai asibiti da kemis da gona da ɗakin gwaje-gwaje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Mu da jama'a suka tura makaranta da kuɗin shinkafa da kifi, mu ne ya kamata mu fara hango abin da idonsu ba zai iya gani ba, mu kuma gaya musu da harshen da suke ji. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa mu amfani jama'armu da abin da muka karanta. Wassalam.